Yadda ake tafiyar da gida bisa shekarar ikilisiya a Yamai, daga hunturu zuwa kaka

Wata shekara autana ya dawo daga katekisim riƙe da hoton Nowel, wato Kirsimeti: ɗan gida a tsakiyar farar ƙanƙara, itatuwa duk sun sunkuya. Ya ce, "Mama, mu yaushe Yesu zai zo garinmu, tunda ba mu da wannan farin abu?" Na yi dariya, amma maganar ta kwana a raina. Shekarar ikilisiya ta iso mana da hotunan ƙasar Turawa, mu kuwa da hunturu da bazara da damina da kaka muke rayuwa, ga kuɗin lakwal, ga azumin maƙwabta da Sallarsu. In ba a ɗora wannan a kan wancan ba, sai lokutan ibada su zama abin da ake ji ran Lahadi a baro shi a ƙofar majami'a.

Ni Katolika ce, ƴar Dogon Dutsi. Maigidana kuwa a EERN, ikilisiyar bishara ta Nijar, ya tashi, can wajen Galmi, inda asibitin mishan yake tun 1950. Su ba su san shafa toka ba, ba ruwansu da launin rigar firist. Saboda haka abin da zan bayyana nan ba dokar wata ɗariƙa ba ce, tsarin gida ne da muka gwada shekara da shekaru a nan Yamai. Inda abu ya shafi Katolika kaɗai zan faɗa.

Da farko, a zana kalandar gida

A makon ƙarshe na Nuwamba ake wannan aiki, domin shekarar ikilisiya ba Janairu take farawa ba. Ku nemi babban kwali mai tsabta, irin na katon da masu shago suke zubarwa, da rula, da bik kala huɗu. Ku ja layi goma sha biyu daga sama zuwa ƙasa, kowane layi wata guda, na farko Disamba. Sai ku raba faɗinsa gida uku. Gidan farko na ikilisiya ne. Na biyu na gari: yanayi, hutun lakwal, ranakun hutun gwamnati, azumi da Sallolin Musulmi. Na uku na aljihu: abin da wannan wata zai ci.

Ranakun da ba sa motsi a fara rubuta su: Nowel 25 ga Disamba, 15 ga Agusta ga Katolika, 1 da 2 ga Nuwamba. Sauran duk a jikin Pak, wato Ista, bikin tashin Yesu daga matattu, suke rataye, ita kuwa yawo take yi. Ƙa'idarta ita ce Lahadin farko bayan cikar wata na ranar 21 ga Maris ko bayanta, shi ya sa ba ta riga 22 ga Maris, ba ta wuce 25 ga Afrilu. Ba sai kun leƙa sama ba, ku dai riƙe ranar: 5 ga Afrilu a 2026, 28 ga Maris a 2027.

Da kun samu ranar Pak, sauran lissafin yatsa ne. Ku koma baya Lahadi shida, kun samu Lahadin farko na azumi. Larabar da ta riga ta ita ce Laraba ta Toka. Ku yi gaba Lahadi bakwai daga Pak, kun samu Fentikos, ranar da Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa manzanni suka yi magana da harsuna dabam-dabam. Alhamis ɗin da ta riga Fentikos da kwana goma ita ce Hawan Yesu zuwa sama. A 2027 ke nan toka ta faɗo 10 ga Fabrairu, Hawa 6 ga Mayu, Fentikos 16 ga Mayu. Lokacin Jira kuma, wanda masu Faransanci suke ce wa Aban, a ƙirga Lahadi huɗu kafin Nowel: a 2026 zai kama 29 ga Nuwamba. Ku bar yara su yi ƙirgar da kansu, ko da za su ɓata kwali ɗaya. Wanda ya ƙirga da hannunsa ba ya mantuwa.

Sai launi. Jira da azumi shunayya, Nowel da Pak fari, Fentikos da Lahadin Dabino da Babbar Jumma'a (ranar da aka gicciye Yesu) ja, sauran shekara kore. Farin ba ya fitowa a kwali, mu alli muke gogawa. Watannin Musulunci kuwa da fensir za ku rubuta, tunda sai an ga wata, kuma kowace shekara suna matsowa baya da kwana goma ko sha ɗaya. Ku kafa kwalin inda ake cin abinci, ba cikin ɗakin kwana ba.

Na biyu, gwangwani biyu

Wannan gajere ne, amma in an tsallake shi sauran ba sa tsayawa. Gwangwanin madara biyu, a huda murfinsu. Ɗaya na biki, ɗaya na sadaka. Na bikin tun Fabrairu ake fara jefa masa; jaka ɗaya a mako, kafin ƙarshen Nuwamba an haura jaka arba'in. Wanda ba ya iya jaka ya sa dala ɗari, wadda ke cikin adashe ta roƙi a ba ta kwasar Nuwamba. Na sadakar ba a taɓa shi sai azumi, zan zo kansa.

Lokacin Jira: sanyi, ƙura da kyandir huɗu

Ku samu babban tire, ku cika shi da rairayi mai tsabta, ku kafa kyandir huɗu a ciki, ku kewaye da ɗanyen ganyen dogon yaro. A al'ada uku shunayya ne, ɗaya ruwan hoda na Lahadi ta uku. Kada ku sha rana a kasuwar Katako neman masu launi. Farare sun isa, a ɗaura musu zare a gindi. Rairayin ba ado ba ne. Lokacin iska ne, komai ya bushe, gidan da ke da zana ko rumfar kara kuwa tartsatsi ɗaya ya ishe shi. A kunna a cikin ɗaki, a kashe kafin a tashi. Ganyen yana yin yaushi cikin kwana biyu saboda hunturu, aikin yara ne sauya shi kowace Asabar.

Lahadin farko kyandir ɗaya, ta biyu biyu, haka har huɗu. Ƙaramin gida ne yake kunnawa, babba ya riƙe masa hannu. Karatu kuwa ga dabara mai sauƙi: Bisharar Luka sura 24 ce, in kun fara 1 ga Disamba, sura ɗaya kowane dare bayan tuwo, kun gama daren jajibirin Nowel. Wasu surorin suna da tsawo, barci yakan sace ƙanana a tsakiya. Ba laifi, a ɗauke su a ci gaba. In gidan yana jin Hausa a karanta da Hausa. Na lura yaran da suke haddace ayoyi da Faransanci kaɗai, in ka tambaye su ma'ana sai su yi ta kallon silin.

Aikin duniya na wannan lokaci shi ne tela. Ku kai ɗinki kafin Disamba ta kama. Wata shekara na yi sakaci har tsakiyar wata, ga bikin Jamhuriya na 18 ga Disamba ya cika wa teloli hannu, ranar Nowel ƴata ta je majami'a da riga an riƙe mata hannu ɗaya da allura. Sannan a duba kayan sanyi: duk rigar sanyi ko bargon da ya yi wa yaro kaɗan, a wanke a ba mai gadin layi ko almajiran unguwa tun kafin sanyin Janairu ya sauko. A makon ƙarshe yara su gina ɗan garken haihuwa da laka a kusurwar tsakar gida, da tumaki da jaki na yumɓu. Maƙwabtanmu mutanen Burkina sun fi kowa iya wannan gini. An ce wa autana Waliyi Faransis na Asisi ne ya fara shi a Italiya a 1223, shi kuwa ya sa wa nasa raƙumi da rumbun gero, ban hana shi ba. Katolika su je iƙirarin zunubi wurin firist kafin mako na huɗu, lokacin layi bai yi tsawo ba.

Nowel: tukunya biyu ba ta taso ba, ɗaya ce mai tsabta

Abin da ya fi muhimmanci a girkin Nowel a Yamai shi ne wanda zai yanka. Galibin maƙwabtanmu Musulmi ne, kwanon da za ku aika musu kuwa so ake a ci, ba a karɓa don kunya a zubar ba. Saboda haka kaji ko zabi ko ɗan akuya, a kira maƙwabci Musulmi ko mahauci ya yanka, a gaban idon mutane. Tukunyar da ta taɓa naman alade ko giya kada ta kusanci wannan girki. Ku sayi kajin kwana goma kafin biki ku yi kiwonsu a gida, domin a kwanakin ƙarshe farashi tashi yake yi.

Ku rubuta gidajen da za a kai wa tun jajibiri, a fara da waɗanda suka aiko muku naman layya. Shinkafa da miya su sauka kafin a tafi sujadar safe, yara su rarraba da an dawo, cikin sabon ɗinkinsu, a koya musu gaisuwa: su durƙusa, su ce "Mama ta ce a gaishe ku, ga abincin Nowel." Duk wanda ya zauna a ƙasar nan ya san yadda aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015. Tun daga nan na daina ɗaukar kwanon da ke ƙetare katanga a matsayin ƙaramin abu.

Lokacin sujadar daren 24 yakan sauya daga shekara zuwa shekara, ku saurari sanarwa, kada ku dogara da na bara. A sa wa yara hula da safa. Ranar 25 hutu ce a Nijar, amma 26 aiki ake yi, kuma albashin Disamba shi zai kai ku ƙarshen Janairu. Abin da gwangwani ya bayar shi ne iyakar bikin.

Kada a rushe garken da an gama cin kaza. Nowel tana tafiya har Bayyanuwa, ranar masanan gabas, da Baftismar Ubangiji a farkon Janairu. Daren 31 ga Disamba mukan bi maigida majami'arsu a shiga sabuwar shekara da addu'a. Daga 18 zuwa 25 ga Janairu kuma makon addu'a ne don haɗin kan Kirista. A gida irin namu wannan ba wa'azi ba ne, Lahadi ɗaya duka mu je tasa, ɗaya duka mu je tawa.

Azumi, wato Karem

Nan ne aka fi ruɗewa, don haka zan daɗe a kai.

Mako biyu kafin Laraba ta Toka ku sauko da busasshen ganyen dabinon bara ku kai majami'a, shi ake ƙonawa a samu tokar. Ran Laraba a je da sassafe ko da yamma. Babu dokar da ta ce sai an yini da tokar a goshi, babu kuma wadda ta ce a goge. Ni barinta nake yi. Kusan kowace shekara sai wani a taksi ya ce, "Madam, akwai baƙi a goshinki," in ce na gode, in ba shi amsa in ya tambaya.

Dokar Katolika ga ta a fili. Ranaku biyu ne na azumin dole, Laraba ta Toka da Babbar Jumma'a: cikakken abinci sau ɗaya, da ɗan abin taɓawa sau biyu wanda in an haɗa bai kai cikakke ba. Wannan ya hau kan mai shekara 18 har ya shiga ta 60. Barin nama kuwa kowace Jumma'ar azumi ne, daga shekara 14. Marar lafiya, mai ciki da mai shayarwa ba a ɗora musu ba. Ruwa ba ya cikin abin da aka hana. Na nanata wannan domin da yawa daga cikinmu, ganin yadda maƙwabta suke yi, sukan kama baki daga asuba zuwa faɗuwar rana ba ci ba sha. Wanda ya zaɓi haka don kansa kuma jikinsa ya ɗauka, madalla. Amma azumin nan yakan kai mu cikin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Yamai yake haura digiri 40, kuma lokacin sanƙarau ne. Ban yarda a sa yaro ko tsohuwa ko mai aikin gini ƙishirwa don kada a ce azumin Kirista wasa ne ba. Ba gasa muke yi ba. A wajen su maigida babu doka ko ɗaya, kowa da abin da ya ɗaukar wa kansa. Shi Laraba da Jumma'a yake yi har ƙarfe shida.

Ga yadda muke shirya shi. Daren Talata kafin toka a zauna, kowa ya faɗi abu ɗaya da zai bari, abu mai kuɗi: lemun kwalba, tsiren dare, sukarin shayi, kuɗin intanet na kallon bidiyo. Duk ranar da aka bar abin, kuɗinsa ya shiga gwangwanin sadaka a ranar, ba gobe ba. Sannan a zaɓi wanda za a ba, mutum mai suna da fuska: gwauruwar bayan gida, ɗalibin da ya zo daga ƙauye, marar lafiyar da takardar magani ta fi ƙarfinsa. Azumin da kuɗinsa ya koma aljihun mai shi tsimi ne kawai. Ku karanta Ishaya 58 a daren nan ku ji yadda aka faɗe shi ba sakaye. In kuna so ya bi ta hannun ikilisiya, akwai tarin azumi da ake yi, akwai kuma CADEV, wato Karitas ta Nijar.

Girkin Jumma'a ma sai an yi hankali. Mutum ya bar naman jaka ɗaya ya sayo giwan ruwa na jaka huɗu a bakin kogi, wai yana azumi! A dafa shinkafa da wake, ko dambu da kopto, ko tuwo da miyar kuka da daddawa da ɗan busasshen kifi. Bambancin kuɗin shi ma gwangwani.

Jumma'a da yamma ana Hanyar Gicciye, tasha goma sha huɗu. In aiki ko nisa ya hana, a yi a gida: a zana ƙananan gicciye goma sha huɗu da gawayi a jikin katangar tsakar gida, yaro ɗaya ya riƙe fitila, a bi su ɗaya bayan ɗaya, a karanta aya biyu uku daga labarin shan wuyar Yesu a kowace tasha. Minti ashirin ya isa. Zabura 51 ce addu'armu ta kwanciya duk tsawon kwanakin.

Shekarun nan azuminmu da na Musulmi tare suke tafiya. A 2025 kwanaki kaɗan ne tsakanin farkon Ramadan da tokarmu ta 5 ga Maris, bisa lissafi kuma a 2027 ma haka za a yi. To, a kiyaye ladabi: ko kuna shan ruwa, kada a ɗaga gora a tsakiyar kasuwa ko a ofis gaban masu ƙishirwa. Mai firigo ya ajiye wa maƙwabta ƙanƙara kafin magariba. Maƙwabciyata takan leƙo ta katanga ta ce, "Maman yara, ku ma kun kama naku?" In ce, "Mun kama, Hajiya. Ya ibada? A sha ruwa lafiya." In ƙaramar Salla ta faɗo cikin Karem aka aiko da nama ran Jumma'a, a karɓa hannu bibbiyu, a yi godiya, a ɗumama shi a ci Asabar. Mayar da kwano da abincinsa cin fuska ne.

Mako Mai Tsarki da Pak

Lahadin Dabino ba sai lalle ganyen dabino ba; kaba ta goruba ma ta yi, ita ce a hannu. Bayan sujada a saƙa ɗan gicciye da ita a soke a bayan ƙofa, nan za ta zauna har baɗi.

Tun Litinin ma'aikaci ya nemi izinin yammacin Jumma'a, domin Babbar Jumma'a ba ranar hutu ba ce a Nijar. Litinin ta bayan Pak ce hutu. Alhamis da dare, bayan an dawo daga majami'a ko kafin a tafi, muna wanke ƙafa a gida. Kwano, buta, tawul, a karanta Yahaya 13, maigida ya durƙusa ya wanke ƙafar kowa, har da yarinyar da take taya ni aiki. Shekarar da surukata ta zo jinya ta ga haka, sai ta kama haɓa: "Kai, magidanci guda, gaban ƴaƴan cikinka?" Ya ce, "Inna, ai Ubangijin ne ya fara. Miƙo taki." Ta ƙi, ta ƙi, daga baya ta miƙa tana ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Sujadar Babbar Jumma'a bisa al'ada ƙarfe uku na rana ce, daidai lokacin da rana take dukan tsakar ka. Kowa da gorar ruwansa da mafici, tsofaffi su je da wuri su samu inuwa. A gida ranar ba rediyo, ba kiɗa a salula, daga sha biyu zuwa uku. Yara sukan yi ƙunƙuni, amma shirun nan suna tuna shi fiye da duk wani bayani.

Naman Pak kada a saye shi kafin Asabar. Lokacin zafi kuran yana yawan ɗaukewa, firigo ba abin dogaro ba ne. A saya da safe, a tafasa, a soya ya bushe. Daren Asabar shi ne babban dare na shekara duka: a hura sabuwar wuta a waje, a kunna babban kyandir, a yi dogon karatu tun daga Farawa, a yi wa masu koyo baftisma. Yana ɗaukar awoyi, saboda haka a sa yara barcin rana. Kowa ya tafi da kyandir da aka huda wa ɗan kwali don kada kakin ya ƙona hannu, da tocila. Ku shirya abin hawan dawowa tun da rana, musamman masu ƙetare Gadar Kennedy zuwa Harobanda ko daga can. Tsakar dare da yara huɗu ba lokacin cinikin kabu-kabu ba ne. In kun tsaya wa wani a baftisma, ku rubuta ranar a kalanda, baɗi ku kai masa gaisuwa.

Kuskurenmu shi ne mu yi azumin kwana arba'in da gaske, mu yi murnar yini ɗaya. Pak kwana hamsin ce. A shimfiɗa farin ƙyalle a teburin addu'a har Fentikos, a karanta Ayyukan Manzanni, sura 28 ce, ana gamawa ba gaggawa. Lokacin mangwaro ne, kowace Lahadi a kai wa wani gida ziyara da shi, a fara da wanda aka ba sadakar azumi don kada zumunci ya ƙare da gwangwani. Hawan Yesu ku duba sanarwa ko an bar shi Alhamis ko an mai da shi Lahadi. Ran Fentikos kuwa ba mu buƙatar dogon bayani a Yamai: ku dubi bencin majami'a, ga Bahaushe, ga Bazabarme, ga Bagurme, ga mutanen Benin da Togo da Najeriya. A gida kowa ya faɗi Addu'ar Ubangiji da harshen da ya iya. A 2027 Babbar Salla za ta faɗo daf da Fentikos, ku shirya kwanukan karɓar nama. Akwai Kiristocin da ba sa cin naman layya; wannan kowane gida ya daidaita da lamirinsa da shugabannin ikilisiyarsa, amma a san yadda za a yi ba tare da an kunyata mai kyauta ba.

Koren lokaci

Bayan Fentikos rigar firist takan koma kore har ƙarshen Nuwamba, ikon Allah kuma ƙasa ma sai ta bi sahu. Wannan ne mafi tsawo, babu biki mai ɗaukar ido, nan ne addu'ar gida take mutuwa in ba a kula ba. Ku rage ta don ta rayu: minti goma bayan abincin dare, Zabura ɗaya, roƙo ɗaya daga bakin kowa. Ran Asabar a karanta Bisharar gobe. Shekarar da ta fara a Jiran 2025 ta Matiyu ce, mai bi mata Markus, sannan Luka.

Sauran ku bi gidan tsakiya na kalandarku. Mayu da Yuni a aika kuɗin iri ƙauye, a yi roƙon ruwa da Zabura 65, a tuna da masu jarrabawa. Kafin ruwa ya zauna a gyara rufi, a share magudana, a ɗaura gidan sauro, in masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi na ƙananan yara sun zo a tabbata an sha duka. Takardun baftisma da na aure da na haihuwa a sa su cikin leda a rataye sama. Waɗanda ambaliyar 2020 ta ci gidajensu a bakin kogi sun san dalili. Ranar 3 ga Agusta, bikin ƴancin kai da dashen itace, kowane yaro ya dasa ɗaya ya kuma ɗauki nauyin ba shi ruwa. Agusta kwana 31 ce, Karin Magana sura 31, yara kuma suna hutu. Watan ne kuma rumbunan ƙauye suke yin ƙasa, baƙi su yawaita a gida. A ƙara tiya ɗaya a awo ba tare da ɓata fuska ba. Katolika na da bikin ɗaukar Maryamu zuwa sama ranar 15. Satumba kuwa gidan aljihu ne yake magana: kaye, littattafai, kuɗin lakwal na Oktoba. In ya zama dole a zaɓa tsakanin wannan da gwangwanin biki, a fasa gwangwani, a yi Nowel da tsohon ɗinki.

Kaka da rufe shekara

Da sabon gero ya shigo, majami'ar su maigida takan yi godiyar kaka: manomi ya kawo dami, mai kiwo ya kawo kaza, mu ƴan albashi mu kawo tiyar shinkafa ko ambulan. Ku sa yaro ya ɗauki kayan da kansa zuwa gaba. A wannan lokaci hatsi ya fi araha, don haka in da hali ku sayi buhu ɗaya fiye da bukata, ku rubuta "Karem" a jikinsa, ku ɗora a kan katako nesa da danshi. Lokacin da za ku buɗe shi a Maris kuɗinsa ya tashi, wanda za ku ba kuwa ya fi bukatarsa.

Ranar 1 ga Nuwamba ta dukan tsarkaka ce, 2 ga wata ta tunawa da matattu. A tafi maƙabarta da fartanya da tsintsiya da bokitin ruwa, domin ciyawar damina ta rufe kaburbura, a kula da macizai. Waɗanda nasu suke kwance a ƙauye su zauna da yara da dare su jero sunayen kakanni, a faɗi abu ɗaya game da kowanne. Maigida ba ya yi wa matattu addu'a, ni ina yi. Shi yakan ba da labarin, ni in yi roƙon a zuciyata.

Lahadin ƙarshe ita ce ta Almasihu Sarki. Da yamma a sauko da kwalin, a juya bayansa, a rubuta waɗanda aka haifa a shekarar, da waɗanda aka yi wa baftisma ko aure, da waɗanda suka rasu, da abin da gwangwanin sadaka ya tara. A sa shekara a sama, a ajiye shi ƙarƙashin katifa tare da na baya. Litinin a aiki yaro wurin mai shago ya ce a ajiye mana katon mai kyau, a duba kuma ko tela ya fara karɓar ɗinki.